Idan kotu ta sallami direba a Kanada, shin haramcin tuƙi yana faɗuwa tare da shari'ar?

Maman Nusaiba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san yadda kotunan Kanada suke yanke hukunci a kan laifukan tuƙi su haska mini wani al'amari da ya hana gidanmu sukuni. Ƙanena yana zaune tare da mu a lardin Ontariyo, yana da takardar zama na dindindin amma bai kai ga zama ɗan ƙasa ba, kuma sana'arsa ita ce rarraba kaya da motar wani kamfani. A hunturun da ya wuce, yana dawowa daga aiki a motarsa ta gida, ya yi ta ratsa tsakanin motoci da gudu a kan babbar hanya ta 401, har motar ta ƙwace masa ya gogi wata mota sannan ya daki shingen ƙarfen gefen hanya. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni, kuma ba ya shan komai, an gwada shi ba a sami komai ba. Duk da haka 'yan sanda sun tuhume shi da tuƙin ganganci a ƙarƙashin dokar manyan laifuka, suka sake shi bisa sharaɗin kada ya sake tuƙa mota har sai an gama shari'a. Yau wata 8 ke nan bai riƙe sitiyari ba, kamfanin ya mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, albashinsa kuma ya ragu sosai.

Lauyansa ya ce zai yi ƙoƙari ya samo masa abin da ya kira sallama bisa sharaɗi, wato ya amsa laifinsa amma kada a shigar da shi kundin waɗanda aka yanke wa hukunci, sai dai a sa shi ƙarƙashin sa-idon hukuma na wani lokaci. Da muka ji haka mun yi murna, domin a fahimtarmu wanda aka sallama ya fita ke nan, zai karɓi lasisinsa ya koma bakin aiki. Amma a ƙarshen ganawar lauyan ya ƙara da cewa kada mu sa rai zai yi tuƙi nan kusa, kuma da yake yana sauri zuwa wata kotun, bai tsaya ya warware mana ba.

Tambayata ita ce, ta yaya za a ce an sallami mutum sannan a hana shi tuƙi? Shin haramcin yana cikin sharuɗɗan sa-idon ne, ko wani abu ne dabam? Kuma watanni 8 ɗin da ya riga ya yi ba ya tuƙi, za a lissafa masa su ko sun tafi a banza?

Malam Tafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo sauƙi. Ni ba lauya ba ne, amma na daɗe ina aikin tafinta a kotunan lardin, kuma wannan ruɗani da kika shiga na sha ganinsa a fuskokin mutane bayan alƙali ya tashi. Kalmar sallama ce take yaudarar kunne. A wurinmu idan an ce alƙali ya sallami mutum, ma'anar ita ce ba a same shi da laifi ba. A dokar Kanada ba haka take ba. Sashe na 730 na kundin manyan laifuka ya ba alƙali damar ya ce wa mutum: na same ka da laifi, ko kuma ka amsa da bakinka, amma ba zan rubuta ka a matsayin wanda aka yanke wa hukunci ba. Samun laifin yana nan daram, abin da aka ɗauke masa kawai shi ne tambarin hukunci. Duk amsar tambayarki a cikin wannan bambanci take.

Sallamar iri biyu ce. Akwai wadda ba ta da sharaɗi, wadda mutum yake fita daga kotu babu wani sa-ido a kansa, kuma bayan shekara 1 ake cire bayaninta daga rumbun 'yan sandan tarayya. Akwai kuma ta bisa sharaɗi, wadda take zuwa da umarnin sa-ido da bai wuce shekara 3 ba, ita kuma ana cire bayaninta bayan shekara 3. Alƙali ba ya bayar da ko ɗaya sai ya gamsu da abu biyu, cewa sallamar maslaha ce ga wanda ake tuhuma, kuma ba ta saɓa wa maslahar jama'a ba. Sannan doka ta rufe ƙofarta gaba ɗaya a kan duk laifin da aka ƙayyade masa mafi ƙarancin hukunci, da duk laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 14 ko rai da rai. Ƙanenki ya tsira a nan ne saboda babu wanda ya ji rauni, domin tuƙin ganganci tsagwaronsa iyakar hukuncinsa shekara 10 ne kuma ba shi da mafi ƙaranci, alhali da wani ya samu rauni da iyakar ta tashi zuwa shekara 14, da maganar sallama ba ta ma taso ba.

Yanzu ga batun tuƙi. Ki ɗauka akwai ƙofofi uku tsakanin ƙanenki da motarsa, kowace da kwaɗonta, kuma mabuɗan ba a hannun mutum ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce haramcin da kotu take yankewa da kanta a ƙarƙashin sashe na 320.24. Lafazin sashen ya rataya haramcin ne a kan wanda aka samu da laifi, bai ce sai wanda aka rubuta masa hukunci ba, saboda haka wanda aka sallama ma yana shiga ciki. A laifin tuƙin ganganci wannan haramci ba dole ba ne, alƙali yana da zaɓin ya sa ko ya bari. Idan lauyan gwamnati ya bi da ƙarar ta hanyar taƙaitacciyar shari'a, wadda ita aka fi bi idan babu rauni, haramcin ba ya wuce shekara 3, idan kuwa ya bi ta babbar tuhuma yana iya kai shekara 10. Yana aiki a duk faɗin Kanada, a kan kowane titi da kowane wuri na jama'a, kuma babu wata kafa a cikinsa da za a ce mutum ya tuƙa don zuwa aiki kawai. Abin da na lura da shi a zaure shi ne, sau da yawa haramcin nan shi ne farashin sallamar. Alƙalin da yake jin nauyin sakin mutum ba tare da tambarin hukunci ba yakan sami natsuwa idan ya raba shi da hanya na wani lokaci, domin da haka zai iya cewa bai yi sakaci da maslahar jama'a ba.

Ta biyu ita ce sharaɗin da ake iya rubutawa a cikin takardar sa-ido. Doka ta ba alƙali damar ƙara duk wani sharaɗi mai ma'ana da zai kare jama'a kuma ya taimaka wa mai laifin ya gyaru, don haka yana iya rubuta cewa kada ya tuƙa mota, ko kada ya tuƙa sai don aiki, ko sai ya halarci darasin gyaran tuƙi. Wannan ya fi na farko laushi, domin ana iya yi masa togaciya, kuma ana iya komawa gaban alƙali daga baya a nemi a sassauta shi. Amma karya shi laifi ne mai zaman kansa wanda ɗaurinsa yake iya kai shekara 4, kuma ga wanda aka sallama bisa sharaɗi akwai ƙarin haɗari: idan aka yanke masa hukuncin wani laifi a cikin wa'adin sa-idon, kotu tana iya soke sallamar, ta rubuta masa hukunci a kan laifin farko, ta yanke masa abin da tun asali take da ikon yankewa.

Ta uku, kuma ina kyautata zaton ita lauyan yake nufi, ba ta hannun alƙali ba ce ko kaɗan. Lasisi na lardi ne, ba na tarayya ba. Dokar zirga-zirgar hanyoyi ta Ontariyo, a sashe na 41, ta ce duk wanda aka yanke wa hukuncin irin waɗannan laifuka an dakatar da lasisinsa na shekara 1 a karon farko, shekara 3 a karo na biyu, kuma ta fito fili ta ce wanda aka sallama a ƙarƙashin sashe na 730 ana yi masa daidai da wanda aka yanke wa hukunci. Wannan dakatarwa ba ta jiran umarnin kowa, daga sakamakon shari'ar take tasowa da kanta. Ko da alƙali ya tausaya ya ƙi sanya haramcinsa, ko da ya ba da sallamar da ba ta da sharaɗi, Ma'aikatar Sufuri za ta riƙe lasisin shekara guda.

Sauƙin da ke ciki shi ne, galibi ukun suna tafiya ne a lokaci guda, ba a jere ba, domin dukkansu daga ranar yanke shari'a suke farawa. Idan aka ba shi sa-ido na wata 18 da haramcin kotu na shekara 1, shekarar haramcin da shekarar dakatarwar lardi za su ƙare kusan tare, sai ya rage saura wata 6 na sa-ido.

Direban Tirela ya amsa:

Hajiya, Allah ya fid da shi. Ni shekarata 11 ina jan tirela tsakanin Ontariyo da lardunan yamma, kuma na ga abokan aiki da dama da suka faɗa irin wannan rami. Shawarata ita ce ku matsa wa lauyan ya nemi a bar maganar haramcin kotu, a sa hanin a cikin takardar sa-ido tare da togaciyar aiki. Wani abokina da aka kama shekarun baya haka aka yi masa, aka rubuta cewa ba zai tuƙa ba sai a lokacin aikinsa da kuma hanyar zuwa da dawowa, ya ci gaba da ciyar da iyalinsa har wa'adin ya cika.

Akwai kuma abin da nake so 'yan'uwa su ji ko da bai shafi ƙanenki kai tsaye ba, domin na ji shi a bakin mutanenmu fiye da sau ɗaya. Tun daga ranar 18 ga Disamba 2018, ɗan sandan da ya tsayar da mota bisa doka kuma yake ɗauke da na'urar gwajin numfashi yana da ikon ya ce direba ya hura, ko da bai ji warin komai ba. Wasu daga cikinmu sukan ji an ci musu fuska, su ce su Musulmi ne, ba su taɓa kai giya bakinsu ba, don haka ba za su hura ba. Ƙin hurawar nan laifi ne da mafi ƙarancin tararsa dala 2,000 ce, alhali wanda aka samu da maye a karon farko tasa daga dala 1,000 take farawa. Da yake doka ta ƙayyade mafi ƙaranci, babu sallama a cikinsa kamar yadda Malam Tafinta ya bayyana, kuma haramcin tuƙi na aƙalla shekara 1 wajibi ne a kan alƙali ya sa. Mutum bai sha komai ba, amma ya tashi da tambarin hukunci saboda zuciya.

Malam Tafinta ya sake amsawa:

Malam Direba, gargaɗinka a kan ƙin hurawa gaskiya ne, kuma na gode da ka kawo shi. Amma a kan shawararka ta farko ina da gyara, domin kada Hajiya ta je wa lauya da buƙatar da ba za ta amfane su ba. Togaciyar aiki a cikin takardar sa-ido tana hana mutum karya umarnin kotu ne kawai, ba ta mayar masa da lasisin da lardi ya dakatar. Idan ƙanen Hajiya ya amsa laifin tuƙin ganganci aka sallame shi, alƙali ya rubuta masa togaciya mai faɗi yadda ake so, shekarar lardin tana nan. Idan kuwa ya dogara da takardar alƙali ya tuƙa mota a cikin shekarar, ya faɗa wani sabon laifi, domin sashe na 320.18 da ya haramta tuƙi a lokacin hani ya haɗa har da takunkumin da dokar lardi ta sa saboda hukunci ko saboda sallama, ya ambaci sallamar da sunanta. Iyakar hukuncin wannan laifi shekara 10 ne, kuma a Ontariyo ana kama motar a tsare ta kwana 45 ko da ba tasa ba ce, wanda ke nufin motar kamfanin ce za ta kwana a hannun hukuma.

Ina zaton abin da ya faru da abokinka wani abu ne dabam wanda ya yi kama da wannan. Sau da yawa lauyan gwamnati yakan yarda ya janye tuhumar manyan laifuka idan mutum ya amsa laifin tuƙi da sakaci a ƙarƙashin sashe na 130 na dokar hanyoyin lardi. Wannan ba babban laifi ba ne, ba ya shiga kundin masu laifi na tarayya, tararsa daga dala 400 zuwa 2,000 ce, ana iya ɗaure mutum har wata 6 ko a dakatar da lasisinsa har shekara 2, amma dakatarwar a nan zaɓin kotu ce, ba ta zuwa da kanta. A irin wannan sulhu ne ake haɗawa da sa-ido na dokar lardi a rubuta togaciyar aiki, kuma a nan togaciyar tana da amfani na gaske tunda lasisin yana raye. Ka tambayi abokin naka, ina da yaƙinin zai ce maka da wannan aka rufe shari'arsa.

Direban Tirela ya amsa:

Na kira shi yanzu, Malam, kuma maganarka ce. Ya ce an sauya masa tuhumar kafin ranar shari'a, ya biya tara, aka ɗora masa maki 6 na laifin tuƙi a lasisi, kuma kuɗin inshorarsa ya yi tashin da har yau yake kuka da shi. Na janye shawarata a yadda na faɗe ta.

Maman Nusaiba ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane dalilin da lauyan ya ce kada mu sa rai. Sai dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan sallamar ba za ta mayar masa da lasisi ba, me ya sa lauyan ya nace a kanta haka, har yake cewa ita ce abu mafi muhimmanci? Kuma har yanzu ina jiran bayani a kan watanni 8 ɗin da ya riga ya yi.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Yaya, sannu da haƙuri. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya a nan, kuma zan amsa tambayoyin biyu gwargwadon abin da na karanta, ba a matsayin mai ba da shawarar shari'a ba.

Lauyan ya nace ne saboda takardar zaman ƙanenki, kuma a ganina yana da gaskiya. Dokar shige da fice ta Kanada, a sashe na 36, ta ce mai takardar zama na dindindin da aka yanke wa hukunci a kan laifin da iyakar ɗaurinsa ta kai shekara 10 ya shiga sahun masu babban laifi, ana iya fara shirin fitar da shi daga ƙasar. Ba a duba abin da alƙali ya yanke masa a zahiri, ana duba iyakar da doka ta rubuta ne, kuma ko da an bi da ƙarar ta taƙaitacciyar hanya, dokar shige da fice tana ɗaukarta kamar an bi ta babbar tuhuma. Kafin gyaran da aka yi wa dokar manyan laifuka a 2018, iyakar hukuncin tuƙin ganganci da tuƙi cikin maye shekara 5 ce, gyaran ya ɗaga su zuwa 10, shi ya sa laifin da a da ake gama shi da tara yanzu yake iya raba mutum da ƙasar. Sallama kuwa a idon doka ba hukunci ba ce, don haka wannan sashe ba ya kama wanda aka sallama. Lauyan yana auna shekara guda ba tuƙi da zama a ƙasar baki ɗaya, ya zaɓi ya tsare na biyun. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Pham ta 2013, ta yarda alƙali ya yi la'akari da abin da hukunci zai jawo wa mutum ta fuskar shige da fice, da sharaɗin kada hakan ya sa a yanke hukuncin da bai dace da girman laifin ba. Saboda haka ku tabbata alƙali ya san matsayin zamansa, kada a ɓoye shi don kunya.

A kan watanni 8, akwai shari'ar da ta yi magana a kai kai tsaye, wato shari'ar Basque da Kotun Ƙoli ta yanke a 2023. Wata mata ce a lardin New Brunswick da aka tuhuma da tuƙi cikin maye a 2017, aka sake ta bisa sharaɗin kada ta tuƙa, ta yi wata 21 a haka kafin a yanke mata hukunci. Doka ta wajabta haramcin aƙalla shekara 1, sai aka yi ta jayayya ko alƙali yana da ikon lissafa mata abin da ta riga ta yi. Kotun Ƙoli, da bakin alƙalanta gaba ɗaya, ta ce yana da wannan iko, domin hanin da ta sha kafin hukunci shi ma horo ne a zahiri, kuma da yake ya zarce shekarar da doka ta nema, babu sauran haramci a kanta. A kan tsohon lafazin dokar aka yanke shari'ar, tunda laifin ya riga gyaran 2018, amma ga ƙanenki batun ya fi sauƙi, domin haramcin nasa tun asali zaɓin alƙali ne, kuma babu abin da ya hana lauya ya ce wata 8 ko 10 da ya yi sun isa, kada a ƙara masa komai ko a ƙara kaɗan. Ki lura da abu biyu. Lissafin ikon alƙali ne, ba haƙƙi ba ne da yake zuwa da kansa, sai lauya ya roƙa. Sannan shari'ar Basque a kan haramcin kotu ta yi magana, ba ta taɓa dakatarwar lardi ba, wadda take fara ƙirga shekararta daga ranar yanke shari'a. Ma'ana, duk watan da shari'ar ta ƙara ja, wata ne da ya ƙaru a kan jimillar zamansa ba tuƙi.

Wani abin da zan ƙara, tunda muna maganar yadda kalma ɗaya take juya hukunci, shi ne shari'ar Wolfe ta Oktoba 2024. Wani mutum ne a lardin Saskatchewan da ya bi hannun da ba nasa ba a babbar hanya ya yi karo da wata mota, mutum 2 suka rasu, aka yanke masa hukuncin mummunan sakaci da ya jawo mutuwa, aka ɗaure shi kuma aka hana shi tuƙi na shekara 10. Mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka soke haramcin, saboda lokacin da majalisa ta sake rubuta dokar a 2018 ba ta sa wannan laifi a jerin waɗanda ake iya hana tuƙi a kansu ba. Ni kaina sakamakon bai kwanta mini ba, domin wanda ya yi laifi mafi muni ya kuɓuta daga hanin da wanda ya gogi shinge yake fuskanta, amma ya nuna cewa alƙali ba ya ƙirƙiro haramci da ra'ayinsa, sai inda sashe ya ba shi.

Kafin ƙanenki ya amsa komai, ya kamata lauyan ya zauna da ku ya nuna muku hujjar da gwamnati take da ita. Ba kowane mugun tuƙi ne tuƙin ganganci ba a ma'anar dokar manyan laifuka. A shari'ar Beatty ta 2008 da ta Roy ta 2012, Kotun Ƙoli ta ce dole a nuna mutum ya yi nisa ƙwarai daga yadda direba mai hankali zai yi a wannan hali, kuma kuskuren ɗan lokaci kaɗai bai isa ba ko da ya jawo asarar rai. Sai dai in faɗi gaskiya, ratsa motoci da gudu na tsawon tafiya ba kuskuren daƙiƙa ba ne, kuma idan akwai hoton na'urar ɗaukar hoto ta wata mota ko shaidu da yawa, wannan hanya za ta yi wuya. Amfaninta shi ne, duk raunin da ke cikin hujjar gwamnati shi ne jarin da lauya zai yi ciniki da shi don a sauko da tuhumar zuwa tuƙi da sakaci, wanda shi kaɗai ne cikin duk abin da aka ambata a nan yake tsare takardar zama da lasisi a lokaci guda.

Maman Nusaiba ta rubuta:

Allah ya ba da sa'ar karatu, ƙanwata. Na rubuta tambayoyi uku da zan kai wa lauyan ranar Talata: ko ya nemi a sauko da tuhumar kuma me lauyan gwamnati ya ce, ko zai roƙi a lissafa watannin da suka wuce, da kuma ranar da yake ganin za a gama, tunda yanzu na san jinkirin a kanmu yake. Abu ɗaya ya rage. Sharaɗin da 'yan sanda suka sa masa na kada ya tuƙa, shin dole ya zauna a haka har ƙarshen shari'a?

Malam Tafinta ya amsa:

Ba dole ba ne, Hajiya. Ana iya sauya sharaɗin saki idan lauyan gwamnati ya yarda a rubuce, idan kuma ya ƙi ana iya kai buƙatar gaban kotu. Tunda har yanzu ba a same shi da laifi ba, dakatarwar shekara guda ta lardi ba ta fara ba, saboda haka idan babu wata dakatarwar dabam a kan lasisinsa, wannan shi ne lokacin da togaciyar aikin da Malam Direba ya ambata za ta yi masa amfani. Ya fara duba matsayin lasisin a ofishin lardi, sannan ya samo wasiƙa daga wurin aikinsa da ta nuna sa'o'in da yake fita da motar da yake ja. Ku sani kawai cewa watannin da zai yi yana tuƙin aiki ba za su yi nauyi a lissafin alƙali kamar watannin da ya yi babu tuƙi sam ba, don haka ku sa wannan ma cikin abin da za ku tambayi lauyan ranar Talata. Kuma har sai ya riƙe sabuwar takardar da aka sa wa hannu, kada ya matsar da mota ko daga bakin titi zuwa ƙofar gida.